Yatsa Uku da Kazar Bayan Kicin

Duk unguwar Yatsa Uku suke kiran mijin yayata, har yaran da ba su san mafarin sunan ba. Kafinta ne, kuma ba zan rage masa komai ba, in ya yi maka ƙofa sai ginin ya tsufa ya bar ta. Amma ba a wurin katako ya samo sunan ba, a gindin kaza ya samo shi. In ya kama kaza sai ya kifa ta a hannun hagu, ya sa yatsun dama tsakanin ƙasusuwan nan biyu da ke ƙarƙashin wutsiya. In yatsa uku suka shiga, mai ƙwai ce, ta tsira. In biyu ne ya ba ta 'yan kwanaki ta gyara halinta. In ɗaya ne kuwa, ranar akwai nama a gidan.

Ni a gidan na tashi, don haka ba labarin wani nake ba ku ba. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya tana amarya, ta goyo ni ta kawo ni ɗakinta. Ban san wata uwa ba sai ita.

Abin ya fara ne da jajayen kaji huɗu da wani mai gidan gona ya ba shi kyauta bayan ya yi masa rufi. Malam, haka muke kiransa a gida, ya ga abin da bai taɓa gani ba, kaza tana ajiye ƙwai kusan kullum kamar an ɗaura mata aure da aikin. Sai dai ragwaye ne. Zafi kaɗan sun buɗe baki, sanyi kaɗan sun sunkuyar da kai, kafin shekara ta zagayo uku sun mutu. Namu na gida kuwa ko a juji suka kwana lafiya lau, amma in ɗaya ta yi maka ƙwai goma sha biyu ta gama, sai ka jira ta huta. A nan ya rantse sai ya haɗa irin kansa, mai ƙwan jajayen da taurin ran na gida. Rantsuwar nan ita ta cinye masa shekara talatin, ta cinye tsakar gidan, har igiyar shanya sai da ta koma kan katanga. Mutane suna yaba masa bai taɓa ƙara aure ba. Ni na san dalili, babu inda zai ajiye matar, akurki ya cika ko'ina.

Kuma ya iya, wannan gaskiya ne. Ya ƙera akwatunan ƙwai masu 'yar ƙofa da ke faɗowa in kaza ta shiga, ba ta fita sai ya zo ya buɗe ya ga wace ce ta yi. Wadda ta fi yi ya ɗaura mata jan zare a ƙafa, mai bi mata baƙi, sauran babu komai. Yana duba zanko, ja ne mai ɗumi ko ya yamutse. Yana duba ƙafa, wai mai yawan ƙwai launin ƙafarta koɗewa yake. Zakara kuwa ba ya barin kowane sai ɗan mai jan zare. Ƙwan da za a ƙyanƙyashe ma sai ya zaɓa, ban da mai tsini, ban da kewayayye, ban da mai kaushin ɓawo, ya ɗaga shi ga rana yana lumshe ido ɗaya. In yana wannan aikin ko gobara ce a maƙwabta sai ya gama.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne kaza mai kwanci. Dalilinsa ɗaya ne, mai kwanci ba ta ƙwai. Da zarar ɗaya daga cikin nasa ta fara kumbura gashi tana ƙurƙur ta ƙi fita daga akwati, sai ya fizgo ta ya tsoma a bokitin ruwan sanyi. In ta sake, wuƙa. Haka ya bi su uwa da 'ya da jika, har ya samu kajin da ba su san menene kwanci ba, su ajiye ƙwai su tsallake shi su koma kan dusa. Yana alfahari da wannan ƙwarai. "Nawa ba sa zaman banza," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya saurare.

To amma ƙwai ba ya ƙyanƙyashe kansa.

A bayan kicin, tsakanin bango da tankin ruwa, akwai wani lungu da iska ba ta shiga. Nan kajin Yaya suke, biyar ko shida, munana, wata mai tsigaggen wuya, wata gurguwa, da wata mai birkitaccen gashi da muke kira Fingi. Ɗakinsu fasasshen daro ne da aka kife aka tokare da dutse. Abincinsu kankaren tukunya da abin da suka tono, don Malam ya hana su taɓa buhun abincin nasa. In ya gama zaɓen ƙwansa sai ya jera a kwano cikin dusar katako, ya ajiye a tagar kicin ya ce, "Ga su nan." Iyakar aikinsa ke nan. Sauran na Yaya ne. Ita ta san wadda ta kusa kwanci tun kafin kazar ta san kanta. Ta gwada ta da 'yan duwatsu masu santsi ta ga ko da gaske take. Ta barbaɗa toka saboda ƙuma, ta yayyafa ruwa a ƙasa in zafi ya yi yawa, ta ɗaga kazar da hannu ta tilasta mata cin abinci in ta manta da cikinta. Tana zaune a 'yar kujerarta a lungun nan, tsintar wake a cinya, zufa na bin wuyanta. In 'yan tsaki sun yi gashi sai Malam ya zo da kwando ya kwashe, ya kira abokansa su zo su ga irin da ya fitar.

Allah bai ba Yaya haihuwa ba. Ni ta raina, ta kuma raini 'ya'yan ƙanensa maza biyu da ubansu ya rasu, har suka yi gemu suka tafi neman nasu. Wata rana ina 'yar shekara sha huɗu abokan nan nasa suna tsaye suna kallon kaji, sai kakar kakar Fingi, mai birkitaccen gashi irin nata, ta fito daga lungu tana jan 'yan tsaki. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Kafinta, wannan dodon fa, ita ma irinka ce?"

Malam ya ce, "Ta uwargida ce. Halinsu ɗaya da mai ita. Ba sa yi, sai dai su kwanta a kan na wasu."

Suka kwashe da dariya. Yaya na tafe da tire da kofunan ruwa. Ta durƙusa ta ajiye, ko ɗigo bai zuba ba, ta koma kicin. Na bi ta ina huci, na ce wallahi sai na fita na gaya masa maganar da ba zai manta ba. Ta ce, "Auta, in sun gama ki wanke kofunan." Ba ta sake tayar da zancen ba har ta mutu. Ni kuwa ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kada ku ɗauka azzalumi ne irin na labari. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar mu da yunwa ba, gadon aurena da hannunsa ya yi, har yau ko ƙara ba ya yi. Shi dai mutum ne da idonsa ba ya ganin aiki sai wanda zai iya ɗauka a tafin hannu. Abin da ake yi a zaune, a cikin duhu, a hankali, a wurinsa ba aiki ba ne.

Ciwon Yaya a ciki ya kama ta. Ni da nake zuwa daga ɗaya gefen gari sau ɗaya a wata, ni na lura zaninta ba ya ɗauruwa yadda ya saba, ga fuska ta zabge. Mutumin da kowace safiya yake lalube cikin kaji arba'in, ya gaya maka wadda za ta daina ƙwai mako mai zuwa, bai ga matar da suke kwana ɗaki ɗaya tana kumbura ba. Da na yi masa magana cewa ya yi ai ba ta faɗa masa ba. Ranar da za mu tafi asibiti ta shiga lungu ta fito da Fingi a kwando ta miƙo mini. Ta ce, "Riƙe min wannan a wurinki. Ta tsufa, kada ya auna ta." Ba ta dawo gidan da ƙafarta ba.

Da masu gaisuwa suka cika gida aka ce a dafa musu wani abu, Malam ya shiga lungu da kansa ya kamo kajinta duka. Ya ce waɗannan dama ba sa ƙwai. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, na sani, amma da na ga gashin mai tsigaggen wuya a bakin magudanar ruwa sai na kau da kai. Ban ci abincin ba. Bayan 'yan makonni ya sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa daron, ya shafe lungun da siminti, wai zai kafa sabon akurki a wurin. Ni kuma na ɗauke ƙafata daga gidan.

Wata biyar ko shida bayan haka, da hantsi ina kan keken ɗinki, na ji sallama. Na ɗaga labule na gan shi tsaye da kwano a hannu an rufe da tsumma. Tun da na yi aure bai taɓa wuce bakin ƙofata ba. Ya rame, rigarsa duk toka. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa kamar baƙi.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo, ya tara ƙwan mai jan zare kamar kullum, ya jera a kwano, har ya kai tagar kicin kafin ya tuna babu wanda zai ce wa ga su nan. Bai damu ba, a ganinsa kwanci ai kowace kazar banza ta iya. Ya tafi kasuwa. Ya ga wata a gefen keji ta kumbura gashi, ta lafe a ƙasa, ba ta motsi, ba ta cin abinci. Mai kajin ya ce kwanci take. Malam da zai iya gane mai ƙwai ido rufe, bai taɓa tsayawa ya kalli mai kwanci ba sai don ya tsoma ta a ruwa. Bai san mai kwanci in ka kai hannu sara take ba, idonta tar. Wannan ko ɗaga kai ba ta yi ba, ya ce mai haƙuri ce. Ya kawo ta gida ya sa ta a tsakiyar kajinsa ta huta kafin ya zuba mata ƙwan. Ciwo ne da ita. Washegari ta mutu, sauran suka bi ta, wuya a murɗe, farin kashi ko'ina. Zakaran ya tafi, mai jan zare ta tafi, ko ɗaya ba ta tsira ba. Ya ƙona akurkan da ya ƙera da hannunsa, ya wanke gidan da magani.

Ya yaye tsumman. Ƙwai goma sha ɗaya a cikin dusar katako.

"Abin da ya rage ke nan, Auta. In suka wuce mako da 'yan kwanaki sun mutu. Na bi gida gida, babu mai kwanci. An ce akwai ɗaya a wurinki."

"Wacce?"

"Ta yayarki."

"Dodon?"

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Malam, ai ba ta yi. Sai dai ta kwanta a kan na wasu."

Na ga maganar ta shige shi, kuma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Shekara ashirin da wani abu tana bakina. Bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara ƙwai ɗaya da ya karkata. Da ya yi faɗa da na kore shi. Amma na san da Yaya ce da tuni ta miƙe, kuma ƙwan nan rabin wahalarsu tata ce. Na gaya masa gaskiya, tun da Fingi ta zo gidana ba ta yi kwanci ba ko sau ɗaya. Ya ce wataƙila in ta koma inda ta saba. Na ce ciwon fa? Ya ce ya wanke ko'ina, kuma ita ta ga annoba biyu a gidan tana nan. Na sa ta a kwandon da aka kawo ta na ba shi.

Bayan kwana biyu na je dubawa. Ya ƙera mata akwati, wallahi ko jariri aka sa a ciki ba a ci mutuncinsa ba. Gogaggen katako, 'yar taga ta waya, sabuwar dusa, ƙwan a jere. Ya ɗora ta a kai. Ta tsaya a kansu da ƙafa, ta dube shi da ido ɗaya, ta tsallako. Kai tsaye ta nufi bayan kicin, ta tsaya inda daron yake a da, tana tonon siminti da farce.

Na ce, "Daronta take nema."

Ya bar shago a rufe ya bi mai sayen ƙarafa har inda suke tarawa. Aka ce an daɗe da lodawa a mota. Ya sayo sabon daro, ya ɗauki guduma ya fasa masa gefe da hannunsa, ya kife a lungun ya tokare da dutse. Ya zubo ƙasa a kan simintin da ya biya aka shafe. Fingi ta leƙa, ta yi wanka a ƙasar, ta fita yawonta.

"Ita yayarki yaya take yi?" ya tambaye ni. "Me take ba su?"

Na ce ban san tana ba su komai ba. Na tuna masa duwatsun, ya samo, ya zuba. Na tuna tokar, ya barbaɗa. Na ce abin da na fi gani dai jira take yi, kaza ba ta kwanci don an matsu. Ya ce ƙwan ba za su jira ba. Na ce shekara talatin ana wannan aikin taku kaɗan daga inda kake shan iska, da ka leƙo sau ɗaya da ba ni kake tambaya ba.

Jiran ne bai iya ba. Bai taɓa iyawa ba. Kowace safiya yana ɗaga ƙwan ga rana yana ganin sun ƙara kwana, Fingi na kiwonta hankali kwance. Sai wani a bakin shago ya ce masa ai yanzu da kwali da fitilar lantarki ake yi, babu ruwanka da kaza. Ya samo kwali, ya rataya fitila a ciki, babba, don a tunaninsa in ɗumi kaɗan na da amfani mai yawa ya fi. Ya toshe duk wata kafa da tsumma kada iska ta shiga. Ya jera ƙwan ya rufe, ya tafi kai wata ƙofa da aka daɗe ana jira. Da ya dawo da la'asar ya sa hannu, sai da ya janye don zafi. Ya fasa ɗaya. Farin ya daskare ta gefen da ke kallon fitilar.

Kwana biyu bayan haka Fingi ta shiga ƙarƙashin daron, ta tattaro duwatsun da baki, ta kumbura gashi ta kwanta. Da ya kai hannu ta sare shi har jini ya fito.

Ya san sun mutu, amma ya zuba mata goman. Ta karɓa ta juya su ɗaya ɗaya ta rufe da fiffike. Ta yi musu duk abin da ake yi wa masu rai. Da suka fara wari ya riƙa zare baragurbin yana binnewa a gindin katanga, yau ɗaya, jibi biyu, har suka ƙare. Ranar da ya kamata a ji kukan 'yan tsaki ta zo ta wuce. Fingi ba ta tashi ba, ta ci gaba da kwanciya a kan duwatsun.

Da na ji labari na ɗauki kwando na tafi in ɗauko abata, don na san hukuncin mai zaman banza a gidan nan. Na sami shago a rufe, tsakar gida fayau, sai baƙin tabo inda akurkan suka ƙone. Ban taɓa sanin gidan na da faɗi haka ba. Na yi sallama babu amsa, na zagaya bayan kicin.

Yana zaune a 'yar kujerar Yaya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, rigarsa ta jiƙe da zufa. A gaban daron akwai faranti cike da abincin buhun nan da aka hana su taɓawa, da kwanon ruwa mai tsabta. Fingi ta rame, ƙirjinta ya tsige, idonta dai tar.

Na ce, "Me take kwanciya a kai?"

"Duwatsu."

"Ka auna ta kuwa?"

"Ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba."

"To ina wuƙar?"

Ya ɗauki wani guntun kwali yana yi wa bakin daron fifita. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta, a nan yayarki take zama?"

"A nan."

"Wurin da zafi."

"Da ma can da zafinsa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in bar masa Fingi, in ta ga dama ta tashi don kanta, shi ba zai tashe ta ba. Sannan ya miƙa hannu a hankali don kada ta firgita, ya matsar da kwanon ruwan kusa da bakinta, ya jira har ta sha.

Na zaci ranar da zan ga Yatsa Uku a durƙushe a lungun nan zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba, ɗaci ma ta ƙara. Na tsaya da kwandona babu komai a ciki ina kallon kwanon. Shekara talatin yayata ta yi a kan kujerar nan, ban taɓa ganin ya miƙa mata ko kofin ruwa ba.